FASHIN BAƘI: Daga Yelwa zuwa Sharaɗa, abin da sulhun malamai ya gyara da abin da ya bari

Matasan Kano da yawa sun san Sharaɗa ne da masana'antu, da warin majemun fata, da tirelolin da ke tare hanya. Kaɗan ne daga cikinsu za su iya faɗin abin da ya auku a unguwar a ranakun 11 da 12 ga Mayun 2004, lokacin da wutar da aka kunna a wani gari na jihar Filato ta ci gidaje da rayuka a Kano. Labarin ya cancanci a waiwaye shi, domin yana nuna iyakar abin da ƙungiyoyin addini ke iya yi wa al'umma bayan an zubar da jini.

Rikicin ya samo asali ne daga Yelwa, a ƙaramar hukumar Shendam. Bisa binciken ƙungiyar Human Rights Watch, a ranar 24 ga Fabrairun 2004 an kashe Kiristoci sama da 75 a garin, da yawansu a harabar coci. A ranakun 2 da 3 ga Mayu kuma aka kai harin ramuwa, inda aka hallaka Musulmi kusan 700. Da labari ya iso Kano, malamai suka kira zanga-zangar lumana zuwa Gidan Gwamnati, zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Ba a watse daga taron da kyau ba sai gungun matasa suka bazama cikin unguwanni.

Ba Sabon Gari ce ta fi jin jiki ba, duk da cewa can ne kowa zai fara zato. Unguwannin da ke kewaye da masana'antu ne, irin su Sharaɗa da yankin Challawa, inda ma'aikata Kiristoci 'yan ƙabilu daban-daban ke haya a tsakiyar maƙwabta Musulmi don su kasance kusa da wurin aiki. Kusancin da ya sauƙaƙa musu neman abinci shi ne ya bar su a fili. Rahoton ƙungiyar ya ce an kashe mutum fiye da 200 a Kano cikin kwana biyu, kuma 'yan sanda da sojojin da aka turo kwantar da tarzoma su ma sun harbe mutane da dama ba bisa ƙa'ida ba. Dubban jama'a suka fake a barikokin 'yan sanda da na soja. Ranar 18 ga Mayu Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye na wata shida.

Bayan ƙura ta lafa ne wata cibiya daga Kaduna ta shiga Yelwa. Sunanta Interfaith Mediation Centre, wato cibiyar sasanta mabiya addinai, kuma waɗanda suka kafa ta ba baƙin rikici ba ne. Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Movel Wuye sun jagoranci matasan ɓangarorinsu a tarzomar da ta biyo bayan rikicin Zangon Kataf a 1992. Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 wani ɗan jarida ya haɗa su a wani taro a Kaduna. Ashafa ya sha faɗin cewa huɗubar wata Juma'a, kan yadda Manzon Allah (SAW) ya yafe wa mutanen Ɗa'ifa bayan sun jefe shi, ita ce ta karya masa niyyar ɗaukar fansa. Shi kuwa Wuye ya amsa da bakinsa cewa ya yi shekaru yana tafiya tare da abokin nasa alhali zuciyarsa ba ta huce ba.

Wannan tarihi shi ne jarinsu. Jami'in gwamnati ko ma'aikacin wata ƙungiyar ƙasashen waje idan ya ce wa wanda aka kashe wa ɗa ya yi haƙuri, amsar da zai samu a bayyane take. Amma mutumin da ya zo da dungulmin hannu, ko wanda ya rasa malaminsa a irin wannan fitina, ba a iya ce masa bai san zafin abin ba. Salon aikinsu kuma ba ya gaggawa. Sukan fara zama da kowane ɓangare shi kaɗai, limami da Musulmi, fasto da Kiristoci, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa ba tare da kunyar idon abokin gaba ba. A nan ake tunkarar masu zafin ra'ayi da nassin littafinsu, ba da dokar Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Sai bayan haka ake haɗa ɓangarorin, a tattauna ainihin abin da ake faɗa a kai, wanda a Yelwa ya haɗa da gonaki, da sarauta, da tambayar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo. A 2005 shugabannin al'ummomin yankin suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a bainar jama'a. Daga baya an gayyaci mutanen biyu zuwa Kenya, bayan rikicin zaɓen 2007, inda suka yi irin wannan aiki a garin Burnt Forest.

Sai dai yarjejeniya takarda ce, kuma cibiyar ta san haka tun kafin Yelwa. A watan Agustan 2002 ta taimaka aka samu malaman addini 22 suka rattaba hannu kan sanarwar zaman lafiya ta Kaduna. Wata uku bayan nan tarzomar gasar sarauniyar kyau ta duniya ta ɓarke, aka kashe mutum sama da 200 a birnin.

Babban giɓin ma ba nan yake ba. Sulhu yana maido da gaisuwa tsakanin maƙwabta, yana buɗe kasuwa, yana sa wanda ya gudu ya dawo. Ba ya gurfanar da wanda ya yi kisa, ba ya biyan diyya, ba ya tilasta wa rundunar 'yan sanda ta bayyana wanda ya ba da umarnin harbi. Human Rights Watch, a rahotonta na 2005, ta zargi gwamnatoci da gaza hukunta waɗanda suka kitsa kashe-kashen Filato da na Kano. Gwamnoninmu kuwa sun gano cewa taron yafiya ya fi shari'a arha: a kira limami da fasto, a ɗauki hoto, a raba buhunan shinkafa, a rufe fayil. Abin mamaki, addinan biyu da ake fakewa da su ba su yarda da wannan ba. A fiƙihun Musulunci, yafe jini haƙƙin magada ne, ba na gwamna ba, kuma ana yafewa ne bayan an san wanda ya yi laifin.

Ƙungiyoyin addini a Arewa ba su da na biyu wajen isa wurin da bala'i ya faɗa. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam, da hukumar adalci da zaman lafiya ta cocin Katolika, sukan riga motar gwamnati zuwa. Abin da ba su saba yi ba shi ne rubuta sunayen mamata ɗaya bayan ɗaya, da ɗaukar lauya, da bin shari'a shekara da shekaru. A Yelwa aƙalla akwai takardar da aka sa wa hannu. Ma'aikatan da suka tsere daga Sharaɗa a 2004, wasu sun koma Sabon Gari, wasu sun tattara nasu ya nasu sun bar Kano, gidajen hayar da suka bari kuma wasu ne suka shiga.