Basfa a Hanwa: Abin da Ke Raya Tsohon Babur da Abin da Ke Kashe Shi

Duk wanda ya yi wayo a Zariya cikin shekarun 1970 da 1980 ya san ƙarar Basfa tun kafin ya hango ta. Ita ce abin hawan malamin makaranta da akawu da malamin asibiti, musamman bayan da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975. A yau ɗaiɗaiku ne ke ratsa Hanwa da Tudun Wada, galibi a hannun dattawa. Sauran suna jingine a zaure sun yi ƙura, 'yan gwangwan kuwa suna zagaya su, su da ba su san darajar komai ba sai nauyinsa a kan sikeli.

Kamfanin Piaggio ne ya fara ƙera ta a garin Pontedera na ƙasar Italiya a 1946. Wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama ne, ba ya kuma ƙaunar babur, saboda datti da wahalar hawa. Don haka ya rufe inji, ya raba babur da sarƙa, ya bar fili a gaba inda mahayi zai aje ƙafafu. Sunanta na asali, Vespa, ma'anarsa zanzaro ne da Italiyanci, kuma wanda ya taɓa lura da siririn ƙugun wannan ƙwaro ba zai yi musun sunan ba. D'Ascanio bai san babbar riga ba, amma da ya san ta da wuya ya yi mata babur da ya fi wannan dacewa.

Mai niyyar tayar da tsohuwar Basfa, wajibi ne ya fara fahimtar injinta. Inji ne mai bugu biyu, watau fulogi yana ba da wuta duk lokacin da fistan ya hau ya sauka sau ɗaya. Sa'ad da fistan ke hawa, sai ya zuƙo fetur da iska cikin ɗakin da ke ƙarƙashinsa. Sa'ad da yake sauka, sai ya tura su sama, su kori hayaƙi zuwa salansa. Tun da yake fetur na bi ta wannan ɗaki, babu inda za a tara baƙin mai kamar yadda ake yi a mota. Dole a gauraya shi da fetur, shi ne kaɗai ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Ma'aunin galibin samfuran 1960 zuwa sama shi ne kashi 2 cikin ɗari, watau mililita 20 a kowace lita. Na farko-farko kuwa kashi 5 suke sha. A nan ake yawan yin ɓarna. Wani ya zuba da ka, wani ya zuba gurɓataccen man da aka juye daga mota don neman araha. In man ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe. In ya yi kaɗan, fistan ya yi zafi, ya kumbura, ya kame ana tsakiyar tafiya, tayar baya ta tsaya cak. Man 2T da ɗan ma'auni mai lamba ba su kai kuɗin fistan ba, balle na asibiti.

Akwai kuma wani mugun ciwo da ido ba ya gani. Zobban roba biyu ne ke toshe ɗakin nan ta gefe da gefe, roba kuwa tana bushewa ta tsage idan ta shekara da shekaru. Da zarar ta tsage, sai iska ta riƙa satar hanya, fetur ya yi ƙaranci a cikin haɗin, zafi ya ƙaru. Babur ɗin da ya yi shekara 20 a jingine yana iya tashi da kiki uku, mai shi ya yi murna, amma bai kamata ya kama hanyar Samaru ba sai an sauya su. Ƙurar hunturu ma tana goge fistan kamar sanfefa idan matatar iska ta lalace.

Inji dai ana samun kayansa, domin Indiya ta daɗe tana ƙera irinsa: Bajaj ya fito da Chetak a 1972, LML kuma ya bi samfurin PX wanda Piaggio ya ƙaddamar a 1977. Bodi shi ne matsala. Basfa ba ta da ƙashi daban da fata. Farantin ƙarfen da ake gani shi ne ke ɗauke da nauyin duka, tamkar ƙoƙon jikin ƙwaro. Ruwan damina yana kwanciya a ƙarƙashin shimfiɗar roba ta wurin aje ƙafa, ya haɗu da iskar oksijin, tsatsa ta ci daga ciki. Wasu masu sayarwa sukan cike ramukan da foti su fesa sabon fenti. Mai saye ya kwantar da babur ya duba cikinsa, ya bi shi da mayen ƙarfe: inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne a wurin. Ya kuma duba lambar bodi da ta inji, don da su ake bambance 'yar Italiya da 'yar Indiya, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Ba a ce Basfa ba ta da aibu. Wani kaso na fetur yana fita ba tare da ya ƙone ba, shuɗin hayaƙinta kuma yana cutar da huhu. Dokokin hayaƙi na Turai ne ma suka sa Piaggio ya daina ƙera PX a 2017. Saboda haka waɗanda suka rage su ke nan, ba za a ƙaro ba. Makanikan da suka iya saita wayoyin giyarta na hannu sun manyanta, yaran gareji kuwa sun koma ga babura 'yan Sin da Indiya da Keke Napep, inda ciniki yake.