Straight Outta Compton: Faifan da Ya Fusata FBI

(Kiɗan buɗe shiri)

Daga nan birnin N'Djamena muke gaishe ku, na Farcha da Diguel da Chagoua da Walia, har da 'yan'uwanmu na tsallaken kogi a Kusuri. Shirinmu na musamman na yau a kan wani kundin waƙoƙin gambarar zamani ne da aka naɗa a Amurka a 1988, sunansa Straight Outta Compton, na ƙungiyar N.W.A. Tun da wuri in shaida muku, yawancin waƙoƙin cikinsa ba za mu sa su a wannan tasha ba, don ashar ɗin da ke ciki ba ta gidan da ke da yara ba ce. Abin da ya kawo mu shi ne irin tarbar da aka yi masa, da yadda bakin masu sharhi ya sauya a kansa.

Compton ƙaramin gari ne a kudu da Los Angeles, kuma a wancan lokaci baƙaƙen fata ne suka fi yawa a cikinsa. Masana'antun da iyaye ke aiki sun rufe, hodar iblis mai arha ta cika unguwanni, 'yan dabar Crips da Bloods na harbe juna da rana tsaka. Shugaban 'yan sandan Los Angeles, Daryl Gates, ya mayar da martani da samamen da aka kira Operation Hammer. A ƙarshen mako guda na watan Afrilun 1988 an kama fiye da mutum 1,400, akasarinsu kuma aka sake su ba a tuhume su da komai ba. Yaro baƙi na tsaye a ƙofar gidan ubansa ya isa a kwantar da shi a ƙasa a lalube shi.

A cikin wannan hali samarin suka shiga ɗakin naɗar waƙa. Eazy-E ne ya kafa kamfanin Ruthless Records, Dr. Dre da DJ Yella suka haɗa kiɗa, Ice Cube da MC Ren suka rubuta yawancin baitukan. Ice Cube shekararsa 19 a lokacin. Waƙa ta biyu a kundin, wadda sunanta kansa zagi ne ba zan furta shi ba, an tsara ta kamar zaman kotu: Dr. Dre ne alƙali, sauran suna ba da shaida, ɗan sanda ne a gaban shari'a.

(Kiɗa)

Gidajen rediyo suka ƙi sa waƙoƙin, tashar MTV ta ƙi nuna bidiyon waƙar farko. Duk da haka, kafin 1989 ta ƙare an sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya, har a unguwannin fararen fata da ba su taɓa taka Compton ba. A watan Agustan wannan shekara Milt Ahlerich, mataimakin darakta a hukumar FBI, ya aika wasiƙa ga kamfanin Priority Records mai rarraba faifan, yana cewa waƙar nan ta biyu na zuga a far wa jami'an tsaro. Ya kafa hujja da cewa an kashe jami'ai 78 a bakin aiki a 1988. Wannan adadi ba abin wasa ba ne, kowannensu yana da uwa da 'ya'ya. Amma wasiƙar ba ta ce uffan ba kan abin da samarin ke kuka da shi. A Detroit ma, da suka fara rera waƙar, 'yan sanda suka afka dandalin aka tashi taron.

Masu sharhi a jaridu sun rabu. Wasu sun yaba ƙarfin kiɗan da zafin harshen, suka ce rahoto ne daga unguwar da 'yan jarida ba sa shiga. Wasu suka ce tallar daba ce kawai da aka yi wa ado. Sai ga watan Maris na 1991, wani mutum ya ɗauki bidiyon 'yan sanda suna lakaɗa wa wani baƙar fata mai suna Rodney King duka. A Afrilun 1992 kotu ta sallami jami'an huɗu, Los Angeles ta kama da wuta, mutum fiye da 60 suka mutu. Daga nan da yawa cikin masu cewa ƙarya yaran suke yi suka yi shiru.

Mu a nan Chadi muna da dalilin fahimtar wannan fushi. A shekarar da aka naɗa faifan, Hissène Habré ke mulki, hukumar DDS kuma na tsare mutane a kurkukun ƙarƙashin ƙasa da ake kira La Piscine, a tsakiyar wannan birni. Matashin Compton ya zagi ɗan sanda an aiko wa kamfaninsa wasiƙa. Matashin N'Djamena da ya yi rabin haka a lokacin, da iyayensa ba su sake ganinsa ba. Gambarar zamani ta fi shigo mana ta ƙofar Faransa, inda MC Solaar, wanda aka haifa a Dakar iyayensa 'yan Chadi, ya fitar da kundinsa na farko a 1991 da harshe mai laushi da azanci. 'Ya'yanmu irin su Ray's Kim da likita Croquemort sun ɗauki makirufo suna faɗin ciwon gari, kuma duk wanda ya ga zanga-zangar ranar 20 ga Oktoban 2022 ya san abin da ke sa matashi ɗaga murya.

(Kiɗa)

Yau an wanke faifan tas. A 2016 an shigar da N.W.A zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame. A 2017 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin sautukan da ƙasa za ta adana. Mujallar Rolling Stone ta ɗaga shi daga na 144 a 2003 zuwa na 70 a 2020 cikin kundaye 500 mafiya daraja.

To a nan ne nake da magana, jama'a. Hukuma ta yi wa faifan ca a kan ɓangarensa mai gaskiya, wato cin zalin 'yan sanda. Ɓangarensa mai cutarwa kuwa, yadda ake kiran mata da sunayen wulaƙanci ana mayar da dukansu abin alfahari, ba wata hukuma da ta rubuta wasiƙa a kai. Kuma abin bai tsaya a waƙa ba. A watan Janairun 1991 Dr. Dre ya doki Dee Barnes, mai gabatar da shirin gambara a talabijin, a gaban jama'a. Fim ɗin tarihin ƙungiyar da ya fito a 2015 ya tsallake wannan gaba ɗaya. Sai da ita da wasu mata suka yi magana sannan ya fito ya nemi gafarar matan da ya cutar, bayan shekara 24. Wanda ya yi kukan an taka shi, bai kamata ya juya ya taka 'yar'uwarsa ba. Ina roƙon ƙannenmu mawaƙa na Moursal da Dembé su ɗauki jarumtar faɗa wa mai bindiga gaskiya, su bar wa Compton zagin mata.

Akwai wata waƙa a kundin da babu ashar a cikinta, Express Yourself, wadda Dr. Dre ya gina a kan kiɗan Charles Wright na 1970. Ita za mu sa muku yanzu, bayanta mu buɗe layukan waya mu ji ra'ayinku, musamman iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata.

(Kiɗa)