Ƙanƙarar Girinlan da daminar Sanyinna

Da wuya manomin da ke noma fadama a Sanyinna ko Kebbe ya yarda cewa daminarsa tana da alaƙa da wani tsibiri mai suna Girinlan, can a ƙuryar arewacin duniya. Amma fa alaƙar tana nan, kuma ta daɗe.

A tekun Atilantika akwai wani gagarumin kwararon ruwa da ke ɗauko ɗumi daga kudu zuwa arewa. Idan ruwan ya isa kusa da Girinlan sai ya huce, ya yi nauyi saboda sanyi da gishiri, ya nutse, ya koma kudu ta ƙasa. Idan duwatsun ƙanƙara suka narke, suka zuba ruwa maras gishiri a wurin, sai tafiyar ta yi rauni, arewacin tekun ya yi sanyi, iskar damina kuma ta kasa hawowa zuwa wajenmu.

Tarihin ƙasa ya shaida haka. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da Amurka, teku ya ja baya da kusan mita 120, hamada kuwa ta gangaro ƙasar Hausa. Tuddan rairayin da ta bari su ne waɗanda masanin nan A. T. Grove ya yi bayaninsu a 1958. A matsayina na ɗalibin harshe, ina ganin sawunsu cikin kalmar jigawa, wadda har jiha ta ci sunanta. Da ƙanƙarar ta janye, damina ta yi ƙarfi, Sahara ta yi kore, tafkin Chadi ya tumbatsa. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987, a jihar Yobe ta yau, mai shekara kusan 8,000, tun wancan zamanin ruwa yake.

Ba sai mun je nesa ba. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984, waɗanda suka kashe dabbobi, suka kuma raba mutane da garuruwansu a ƙasar Sakkwato, masana sun danganta su da sauyin ɗumin tekuna. Yanzu ga ƙanƙarar Girinlan tana narkewa, rahoton kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi na 2021 kuma ya nuna kwararon zai raunana a wannan ƙarni.

Abin da ke damuna shi ne wannan ilimi yana kulle cikin Turanci, alhali mai gero da shinkafa ne zai fara ɗanɗana kuɗarsa. Ya kamata Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da hukumar NiMet su haɗa masana yanayi da masana harshe, a samar da kalmomi, a riƙa kai hasashen damina gidajen rediyo cikin Hausar da manomi yake ji, kafin ya zaɓi irin da zai shuka. Hausawa sun ce tun kafin a yi daram aka yi ƙwandi. Allah Ya ba mu damina mai albarka.