Dalilin tsayawa kan magana guda a taron gari

Wagini, a Ƙaramar Hukumar Batsari ta Jihar Katsina, na kusa da dajin Rugu da ya ratsa har Safana, inda hare-haren 'yan bindiga suka daɗe suna hana noma. Idan jama'a suka taru kan tsaron gonaki, wani ya sako siyasar jam'iyya ko tsohuwar rigimar iyaka, yini yakan ƙare ba a yanke komai ba, damina kuwa ba ta jira. Saboda haka ake bayyana maƙasudin zama tun farko. Shugaba yakan dawo da wanda ya kauce cikin ladabi, magatakarda ya rubuta matsayar da aka cimma da mai aiwatarwa. Sauran koke-koke a ware musu rana.