Uwargida, 'Ya'yanki Sun San Zogale Da Zaƙami?

Yara sun samu hutu, kowa ya kawo sakamakon jarrabawarsa, kin duba lissafi, kin duba Turanci. To amma akwai wata jarrabawar da ba a yin ta a aji, ke ce malamarta, tsakar gidanki kuma shi ne ajin. Shin yaron da ya zo na ɗaya zai iya nuna miki itacen da aka samo miyar da ya sha jiya?

Irin wannan gwaji yana da asali. Ya zo a Sahihul Bukhari cewa wata rana Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbansa wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Sahabbai suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ne, amma ya ji kunyar magana a gaban manya saboda ƙuruciyarsa. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa da ya fi masa daɗi. Don haka idan kin tara naki, ki bar autan ma ya buɗe baki.

Lokacin ma ya dace. A hunturu ne kayan lambu ke fara cika kasuwa, tumatir daga irin su Kadawa da Kura a Jihar Kano, albasa daga Galmi ta Nijar, ga karas da latas da kabeji. Ki shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ki zuba ganyaye da 'ya'yan itatuwa a faifai, sannan ki fara. Ga wasu tambayoyi da amsoshinsu, ke ma ki gwada kanki tukuna.

Mece ce dangantakar yakuwa da zoɓo? Tsiro ɗaya ne. Ganyen shi ne yakuwar da ake sa wa a miya ko fate, jan ɓawon da ke rufe 'ya'yan shi ne zoɓorodo, ƙwayar kuma da ita ake daddawar batso.

Daga ina daddawa take? Daga kalwa, wato ƙwayar ɗorawa. Man kaɗe kuwa daga ƙwallon kaɗanya.

Wace bishiya ce ke zubar da ganye da damina, ta yi kore shar da rani? Gawo. Shi ya sa manoma ba sa sare shi, ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne.

Me ya sa wata gwandar take yin fure shekara da shekaru ba ta haihuwa? Domin gwanda tana da mace da namiji, kamar dabino. Namijin ne mai ƙananan furanni a kan dogon sili. In za ki shuka, ki bar uku ko huɗu su girma har su nuna kansu.

Tumatir da barkono da masara 'yan ina ne? Asalinsu nahiyar Amurka ne, ba su iso ƙasashenmu ba sai bayan shekarar 1492. Darbejiya kuma daga yankin Indiya aka kawo ta. Gero da dawa da kuka su ne 'yan gida.

Sai kashi na biyu, wanda shi ne ya fi muhimmanci. A kangon da ke kusa da gidanki, ko a jikin shinge, akwai tsirrai da yaro ya kamata ya sani don ya guje su. Zaƙami, mai farin fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya, yana gusar da hankali, yana iya kisa, ba banza ake ce masa haukata-yaro ba. Bini-da-zugu yana da ƙwaya mai ɗanɗanon gyaɗa, yara su ci su kama amai da gudawa mai tsanani. Ƙwayar zurma mai zane-zane tana da guba idan an tauna. Farin ruwan tumfafiya kuwa idan ya shiga ido yana iya ɓata gani. Waɗannan kada ki ɗora su a faifai. Ki fita da yaran, ko babansu ya kai su, a nuna musu daga tsaye ba tare da sun taɓa ba.

Idan tsautsayi ya faɗa, kada ki tsaya ɗura wa yaro manja ko madara, kada ki tilasta masa amai. A tafi asibiti nan take tare da reshen abin da ya ci. In ido ne, a yi ta wanke shi da ruwa mai tsabta na kamar minti 15 sannan a tafi.

In akwai tambayar da ta gagare ki, ga Iya ko Hajiya nan a ɗaki, ki sa jikokin su je su tambaye ta. Za ki sha mamakin abin da ta sani, ita kuma za ta ji daɗin an neme ta. Wanda ya ci jarrabawar, ki ba shi kyautar reshen zogale ya dasa a bayan ɗaki, shayarwa a wuyansa. Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, daga bishiyarsa za a tsinko na kwaɗo.