Kujerar Kansila Tsakanin Matsin Haya da Ruwan Damina a Kano

A ranar 26 ga Oktoba 2024 aka gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Kano, jam'iyyar NNPP ta lashe kujerun shugabanni 44 da na kansiloli 484. An yi ta ce-ce-ku-ce kan shari'o'in da suka dabaibaye zaɓen, amma ba a ba da muhimmanci ga tambayar da ta fi damun mai zama a lungu ba: wannan da ke neman wakilcin mazaɓata, me yake gani game da tsadar muhalli, da ruwan da ke shigo mana ɗaki duk Agusta, da bolar da ta tare hanya?

An saba jin waɗannan a matsayin alkawura daban-daban. Ɗan takara ya ce zai yashe kwata, zai nemo wa matasa sana'a, zai roƙi gwamnati ta gina gidaje masu rahusa. A ganina, cikin birnin Kano da kewayensa, matsalar gida da matsalar ruwa abu ɗaya ne, kuma duk ɗan takarar da ya raba su bai fahimci unguwarsa ba.

Tushen abin yana ga yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, kuma tun daga lokacin birnin ke cika yana batsewa, da haihuwa, da masu baro ƙauye saboda noma ya daina riƙe gida, da waɗanda rashin tsaro ya koro daga wasu jihohi. Ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, wato Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, su ke ɗauke da wannan nauyi. Sai janye tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira suka zo suka ƙara wa wutar fetur. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama. Rodi ya tashi, kwano ya tashi, kuɗin tipar yashi ya tashi. Mai gidan haya ya ɗora wa ɗan haya, kuma har yanzu kuɗin shekara yake so a dunƙule.

Magidancin da haya ta fi ƙarfinsa ina zai dosa? Wajen gari, inda ake yanka awon igiya. Dillali ya sayi gona, ya ja igiya, ya fitar da fuloti-fuloti, ya bar lungun da da ƙyar A Daidaita Sahu ke ratsawa. Babu wurin makaranta, babu na asibiti, babu na magudanar ruwa, domin duk taƙin ƙasar da aka bari asara ce a wurinsa. Fulotin da ya fi araha kuwa shi ne na cikin kwari, ko na bakin rafi, ko wanda aka samu bayan an cike kududdufi da shara. Mai saye ba wawa ba ne. Ya san ruwa na bi ta wurin, sai dai da rani ya je gani, kuma abin da ke aljihunsa ke nan.

Batun kududdufai ya cancanci a tsaya a kansa. Ramuka ne da kakanni suka haƙa suna ɗebo jar ƙasa don gina gidaje da ganuwa, daga baya suka zama matattarar ruwan sama. Idan an tafka ruwa, su ke shanye shi kafin ya gangara rafin Jakara. Gaskiya ne sauro na hayayyafa a cikinsu, yara kuma kan faɗa su nitse, don haka mutanen unguwa kan yi murna idan an ce za a cike. Amma da aka cike su aka dasa shaguna da gidaje, ba a tanadar wa ruwan wata mafaka ba. Ƙasar da a da ke tsotse shi ma an shafe ta da siminti da kwalta. Ambaliyar da ta shiga kasuwar Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, kuma 'yan kasuwar da kansu sun nuna yatsa ga gine-ginen da aka ɗora bisa hanyar ruwa. A unguwannin Bulbula da Gayawa kuwa zaizayar ƙasa ce ke cin gidaje tana matsowa shekara bayan shekara.

Sauyin yanayi ya tarar da wannan hali ne ya tsananta shi. Ruwan da a da kan rarrabu cikin makonni yanzu yakan sauko a dare ɗaya. A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, Jigawa da ke maƙwabtaka da mu na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Sai dai ina jin tsoron yadda wasu 'yan siyasa suka fara fakewa da sauyin yanayi, kamar shi ne ya sa hannu a takardar fili. Ruwan sama daga Allah ne, toshe masa hanya kuwa aikin hannunmu ne.

Akwai kuma zafi, wanda ba a cika kawo shi cikin kamfe ba. Ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin, a watan Afrilu da ma'aunin zafi ke wuce 40, ga ba wutar lantarki, azaba ce ga jariri da tsoho. Ginin ƙasa mai azara ya fi sanyi nesa ba kusa ba, amma an ɗauke shi alamar talauci, kuma bishiyoyin darbejiya da ke ƙofar gida an sare su don a fitar da shago.

To ina ƙarfin kansila a cikin wannan duka? A nan ne ɗan takara mai gaskiya ke bambanta da mai neman ƙuri'a kawai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna. Izinin gini na KNUPDA ne, hukumar tsara birane ta jiha, kwashe shara a birni kuma akwai hukumar jiha ta REMASAB. Kansila ba ya iya ƙayyade kuɗin haya, ba shi da kuɗin gina rukunin gidaje. Ko gwamnatin jiha da ta gina biranen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo tsakanin 2011 da 2015, gidajen sun fi ƙarfin malamin firamare da mai sayar da kayan miya. Wanda ya tsaya a dandali ya ce zai sama wa mazaɓa gidaje, yaudara yake yi.

Amma Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina magudanan ruwa da kula da su, da tituna na cikin unguwa, da zubar da shara, da bandakunan jama'a, da wuraren shaƙatawa. Kansila na zaune a majalisar da ke amincewa da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma da ƙananan dokokinta. Yana iya dagewa a sa kuɗin kwalbati kafin na gyaran sakatariya. Yana iya zama da masu unguwanni da dagatai, waɗanda su ke shaidar cinikin fili, a yi yarjejeniyar cewa ba za a sa hannu kan fulotin da ke bisa hanyar ruwa ba. Yana iya tsara aikin gayyar yashe kwata a watan Mayu, ya kuma tabbatar mota ta zo ta kwashe dagwalon, domin abin da aka saba gani shi ne matasa su fito da shebur su tara shi a gefen titi, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito.

Abin da ya daɗe yana karya gwiwar ƙananan hukumomi shi ne asusun haɗin gwiwa, inda kuɗinsu ke bi ta hannun jiha. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta shugabancin riƙo. Aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. Ko da kuɗin sun iso, akwai sauran rina a kaba: muddin jam'iyyar gwamna ce ke cinye kowace kujera, kamar yadda ake gani a kusan duk jihohi ba Kano kaɗai ba, kansila zai fi jin tsoron wanda ya ba shi tikiti a kan wanda ruwa ya rushe wa katanga.

Mafi wuyar matsayi ga ɗan takara shi ne batun gidajen da an riga an gina a hanyar ruwa. Idan ya goyi bayan rusau, ya jefa iyalan da suka zuba gumin shekaru a titi. Idan ya yi shiru, ya bar maƙwabtansu na ƙasa cikin ruwa. Abin da ya dace ya nema shi ne diyya da filin musanya kafin katafila ta iso, sannan a tuhumi dillalin da ya yanka da jami'in da ya kau da kai, domin a yawancin rusau mai sayen ƙarshe ne kaɗai ke biyan kuɗin laifin.