Lissafin da ba ya waiwaye

Akwai lissafin da kwamfuta ke yi wa alƙaluma suna cikin wucewa. Lamba ta zo, a tsinci abin da ake buƙata, ta wuce ba ta dawowa. Masu rubuta manhaja kuwa so suke su haɗa lissafi da yawa a wannan wucewa ɗaya.

Matsakaici ba ya buƙatar komai sai jimilla da adadi. Amma a nan tarkon yake: aji mai ɗalibai 10 da aji mai 90, in ka haɗa matsakaicinsu ka raba biyu, ka ɓata lissafi. Shi ya sa DoubleSummaryStatistics da ya zo tare da Java 8 a 2014 yake riƙe adadi da jimilla da mafi ƙanƙanta da mafi girma, don a iya haɗe biyu su zama ɗaya.

Laburaren Boost.Accumulators na C++, aikin Eric Niebler, ya fi burge ni. Ka nemi lissafi biyu da dukansu ke buƙatar ƙirga, sai ya gane, ya ƙirga sau ɗaya ya ba kowa.

Ma'aunin warwatsuwar alƙaluma ba ya taɓa sauka ƙasa da sifili a takarda. A kwamfuta, da dabarar da aka saba koyarwa, yana iya sauka, domin ana cire wata ƙatuwar lamba daga 'yar'uwarta, ƙananan kurakurai su cinye amsar. Welford ya kawo magani a 1962, sannan Chan da Golub da LeVeque suka nuna yadda ake haɗa sakamakon kwamfutoci daban-daban a 1979.

Lambar tsakiya ita ce mai taurin kai, ba ta samuwa daidai sai an tara alƙaluma masu yawa. Jain da Chlamtac a 1985 suka ƙiyasta ta da alamomi 5 kacal.

Dabarar HyperLogLog ta manhajar Redis kuwa tana ƙiyasta adadin miliyoyin abubuwa mabambanta cikin kilobait 12, da kuskuren kusan kashi 0.81 cikin ɗari.

Kuskuren lissafin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kasuwar hannun jari ta Vancouver a Kanada. Ma'auninta ya fara daga 1000 a Janairun 1982, ana yanke wutsiyar lamba a kowane lissafi maimakon a kai ta mafi kusa. Zuwa Nuwamban 1983 yana nuna 524.811. Da aka sake lissafi, ashe 1098.892 ne.